Faundeshin ko IYO: wanne ya dace da yaron da zai karanci injiniya a Ingila?

Da zarar sakamakon WAEC ya fito wajen watan Agusta sai ka ga iyaye sun fara zarya ofisoshin ejan-ejan na karatun waje, a Kano ne ko Kaduna ko Abuja, yaro ya ci lissafi ya ci fiziks yana so ya zama injiniya kuma Ingila ake so ya je. Sai a miƙo takardu biyu, ɗaya an rubuta International Foundation Year ɗayar kuma International Year One, wadda ake taƙaitawa IYO, a ce Alhaji zaɓi ɗaya. Yawanci ejan zai karkata ga IYO ya ce "ai wannan zai rage muku shekara guda cur", kuma ba ƙarya ya yi ba. Matsalar dai ba kowane yaro ne wannan ragin shekarar ke yi wa alheri ba, kuma abin da ke raba gardama ba kuɗi ba ne da farko, lissafin da ke kan yaron ne.

Me ma ya sa ake buƙatar wannan gadar tun farko? Yaronmu yana shekara 12 kafin ya gama sakandare, firamare 6, ƙaramar sakandare 3, babba 3. Ɗan Ingila yana shekara 13, kuma shekara biyun ƙarshe A-level yake yi, darussa uku ko huɗu kacal amma da zurfi, wanda zai karanci injiniya lissafi da fiziks zai duƙufa a kai har tsawon shekara biyu. Shi ya sa digirin injiniya na BEng a Ingila shekara 3 ne kawai alhali a ABU ko BUK ko FUT Minna shekara 5 ne. Abin da muke yi a 100L, su sun gama shi tun a sakandare. To yawancin jami'o'insu ba sa ɗaukar mai WAEC zalla kai tsaye zuwa aji ɗaya na injiniya, ko da A1 ya jera, ba raini ba ne, tsarin ne bai zo ɗaya ba.

Faundeshin ita ce ke cike wannan giɓin. Shekarar karatu ɗaya ce, kamar wata tara, matakinta ɗaya da A-level, ana koyar da lissafi mai ɗan nauyi wato kalkulas da tirigonometiri da bekta, da fiziks ɓangaren makaniks da lantarki, da kemistiri ga mai son injiniyan sinadarai, sai Turancin karatu, yadda ake rubuta rahoton lab da yadda ake ambaton inda ka ɗauko magana don kada a kama ka da satar rubutu. In ya ci makin da aka gindaya sai ya shiga aji ɗaya. Jimilla shekara 4 ke nan kafin BEng.

IYO kuwa wani abu ne daban duk da sunayen sun yi kama. Ita ce aji ɗayan da kanta, kiredit 120 kamar na kowane ɗalibin aji ɗaya, sai dai a aji ƙarami ake yi, duk 'yan ƙasashen waje, da ƙarin awannin Turanci da malamai masu ɗan bibiya. Darussan kuma na injiniya ne sosai, lissafin injiniya, ƙarfin da ke kan abu a tsaye da abu mai motsi, zafi da gudanar ruwa da iska, halayen ƙarafa da sauran kayan ƙira, da'irar lantarki, zane a kwamfuta, wasu wuraren har da manhajar lissafi ta MATLAB. Ya ci, sai aji biyu kai tsaye. Jimilla shekara 3.

A takarda kowa zai ce IYO mana. Mu yi lissafin kuɗin ma a gani, mu ɗauka kuɗin makaranta fam 20,000 ne a shekara, wasu sun fi haka nesa wasu ba su kai ba. Hukumar shige da ficen Birtaniya a Janairun 2025 ta ce ɗalibin da ke wajen Landan ya nuna fam 1,136 na kowane wata har wata tara, na Landan fam 1,483, amma an riga an ƙara shi bayan nan, kuma lokaci-lokaci suna ƙarawa don haka a duba na ranar da za a nema. Ga kuɗin lafiya fam 776 duk shekara da ake biya tare da biza. Ka haɗa za ka ga shekara guda ta haura fam 30,000, in fam yana wajen naira 2,000 ai ana maganar miliyan 60 ne. Wa zai ƙi a rage masa miliyan 60? Ni ma ba zan ƙi ba.

Amma ga inda gizo ke saƙar. A yawancin jami'o'in Ingila makin aji ɗaya ba ya shiga lissafin darajar digiri, kawai ka ci 40 ka wuce, aji biyu da aji uku su ne ake haɗawa a fitar da ko First ne, wato 70 zuwa sama, ko 2:1 daga 60 zuwa 69, ko 2:2. Ma'ana aji ɗaya shekara ce ta koyon zama, ɗalibi ya yi tuntuɓe ya tashi, ya saba da babban ɗakin lakca mai mutum ɗari biyu ko uku inda malami ba zai san sunansa ba, ya gane yadda ake aikin rukuni da Turawan da ke magana da sauri da wani irin harshe na Newcastle ko Liverpool da ba shi aka ji a fim ba. Yaron da ya bi faundeshin yana samun wannan shekarar ta koyon zama. Wanda ya bi IYO ba ya samu, daga ɗan ajinsa na mutum ashirin da ake lallaɓa shi sai a tsunduma shi aji biyu, ranar farko makinsa ya fara ƙirguwa, 'yan ajin sun riga sun san juna sun kafa rukuninsu tun bara, sun san wane malami ne ke amsa imel wane ne ba ya amsawa. Kuma a aji biyun nan ne ake neman gurbin shekarar aiki a kamfani, wadda wasu kwasa-kwasan ke sakawa tsakanin aji biyu da uku, tun watannin farko ake fara cike fom, shi kuwa bai gama gane hanyar laburare ba. In aka gama da 2:2 maimakon 2:1 an rufe wa kai ƙofofi da yawa, manyan kamfanoni da kwasa-kwasan digiri na biyu masu kyau da yawansu 2:1 suke nema. Sauri kan haifi nawa.

Sai maganar lissafi, wadda a gani na ita ce alƙaliya. Ku tambayi yaron tsakani da Allah, ya yi Further Maths a sakandare ko bai yi ba, in ya yi da gaske aka koyar ko sunan kawai aka rubuta a jadawali? Lissafin gama-gari na WAEC ɗan gabatarwar kalkulas ne kawai a ciki, shi ma makarantu da yawa tsallake shi suke yi saboda malami ya san ana iya cin C ba tare da shi ba. IYO kuma tana farawa ne da zaton cewa ɗalibi ya riga ya iya difaranshiyeshin da intigireshin, cikin 'yan makonni an wuce zuwa lissafin da ya ɗoru a kansu, ba mai tsayawa ya koma baya. Yaro mai B3 a lissafin gama-gari yana iya zama mai ƙwaƙwalwa sosai amma bai taɓa ganin abin ba, to ya za a yi ya gudu a kai? Hanya mai sauƙi ta gwadawa, tsofaffin takardun jarrabawar A-level na lissafi suna nan a intanet, na Cambridge da na Edexcel, a buga ɗaya a ba shi awa biyu ba waya ba kowa, a kai wa malamin lissafi ya duba. In ya tsallake rabi da kyau a iya maganar IYO. In ya zauna yana kallon takardar to an samu amsa, kuma an same ta a kan kuɗin fotokwafi.

Don haka IYO ba don ɗan WAEC na bana aka fi yin ta ba, duk da akwai cibiyoyin da ke karɓar WAEC mai kyau. Wanda ta fi dacewa da shi shi ne wanda ya riga ya yi 100L ko 200L na injiniya a gida yajin aiki ya gajiyar da shi, mun ga na 2022 da ya ci wata takwas, ko mai ND daga kwalejin kimiyya da fasaha irin Kadpoly, ko wanda ya yi A-level amma makin bai kai na shiga kai tsaye ba. Irin waɗannan mayar da su faundeshin ɓata kuɗi ne da ɓata lokaci, za su zauna ana maimaita musu abin da suka sani har su fara raina karatun. Mai ND mai kyau ma ya fara tambaya ko za a ɗauke shi aji ɗaya kai tsaye ba tare da wata gada ba, jami'o'i da dama suna yi, ejan ba lallai ya faɗa ba don kamashonsa ya fi tsoka a ɗaya ɓangaren.

Wani bambancin da ba a cika faɗa ba shi ne faɗin zaɓi. Yawancin waɗannan kwasa-kwasan ba jami'ar ce da kanta ke gudanar da su ba, kamfanoni ne masu yarjejeniya da ita, Kaplan yana da kwaleji tare da Glasgow da Nottingham da Liverpool, INTO yana tare da Newcastle, Navitas yana tare da Portsmouth da Hertfordshire, akwai Study Group da ONCAMPUS su ma. Ba laifi ba ne, ginin yana cikin jami'ar ko kusa da ita, ɗalibi yana shiga laburare da wurin wasanni, amma a sani takardar da aka ba ku ta shiga kwalejin ce, shiga jami'ar kuma da sharaɗi. Wasu jami'o'in kamar UCL da Warwick su ke yin tasu faundeshin da kansu. Faundeshin tana buɗe kusan duk rassan injiniya, yaro ya shiga da niyyar makanikal ya ga lantarki ya fi masa sai ya sauya kafin aji ɗaya. IYO a ɗaure take da reshe ɗaya ko biyu a jami'a ɗaya, don darussanta dole su yi daidai da aji ɗayan wannan kwas ɗin, in ya gama ya ce shi sibil yake so yanzu, to sai dai ya koma aji ɗaya, shekarar da aka ce an rage ta dawo. Kuma manyan da ake ji da su irin Imperial da Oxford da Cambridge babu maganar IYO a wurinsu sam, mai wannan burin A-level ya kamata ya nufa.

A kula da Scotland kuma, can digiri shekara 4 ne ba 3 ba, MEng kuma, wato digirin injiniya da ke haɗe da matakin digiri na biyu, shekara 5. Za ka ga kwas a can an ce yana kai ɗalibi aji biyu kai tsaye ka yi murna, alhali aji biyu na shekara huɗu ne, jimillar dai huɗun ce. Kada a bi suna, a ƙirga shekarun daga ranar tafiya zuwa ranar karɓar shaida.

Ta fuskar biza su biyun kusan jirgi ɗaya ya kwaso su. Takardar da makaranta ke bayarwa a nemi biza da ita ana ce mata CAS, kuma tambayar da ya kamata a yi tun kafin a biya ko sisi ita ce CAS ɗaya ce ta haɗe gadar da digirin gaba ɗaya ko kowanne da tasa. In a rabe suke, kwas ɗin yana ƙasa da matakin digiri, ma'ana sai an yi jarrabawar Turanci da hukumar biza ta amince da ita kamar IELTS na UKVI, C6 ɗin Turancin WAEC da jami'o'i da yawa ke karɓa a matakin digiri ba zai yi aiki a nan ba, aiki kuma awa 10 a mako kawai aka yarda maimakon 20, sannan bayan an gama sai an sake neman wata bizar, a sake ajiye kuɗi a asusu kwana 28 ba a taɓa ba, a sake biyan kuɗin nema. Ga gwajin tarin fuka da ake yi a Abuja ko Legas kafin tafiyar farko. In yaron bai kai 18 ba, kuma yawancin masu gama sakandare yanzu 16 ne ko 17, sai da takardar amincewar iyaye, wasu cibiyoyin ma ba sa ɗaukar wanda bai cika 17 ba.

Wannan maganar shekarun ce ta kawo ni kan hanya ta uku da ni na fi so wa yawancin iyalai, wato a yi faundeshin ɗin a gida. NCUK, haɗakar da jami'o'in arewacin Ingila suka kafa a 1987, tana da cibiyoyin da ta amince da su a Najeriya har da Legas da Abuja, manhaja ɗaya ce da ta sauran ƙasashe, jarrabawar daga can ake tsara ta, kuma sakamakon jami'o'i da yawa ne ke karɓa, irin su Manchester da Leeds da Sheffield da Bradford da Salford, ba jami'a ɗaya aka ɗaure yaro da ita ba. Kuɗin ba kaɗan ba ne shi ma, kada a ɗauka araha ce, amma babu hayan ɗaki da fam babu kuɗin lafiya babu tikiti, yaro ɗan 16 yana kusa ana ganin sa ana ganin makinsa, ya ƙara shekara ya ƙara hankali kafin a sake shi a garin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma a Disamba. Uwa uba in aka ga ba zai iya ba, ko kasuwa ta juya, asarar ba ta kai ta wanda ya riga ya tafi ba. Abin da ake rasawa shi ne sabo da ƙasar da kuma lab, kayan gwaje-gwajen cibiyar gida ba za su kai na cikin jami'a ba, kuma ingancin malamai ya danganta da cibiyar, sai an je an gani da ido an tambayi 'yan shekarar da ta wuce ina suka samu.

A-level na Cambridge shi ma ana yi a gida, ya fi kowanne faɗin karɓuwa don ba Ingila kaɗai ba har wasu ƙasashen da jami'o'inmu ta hanyar DE, wato shiga 200L kai tsaye, amma shekara biyu ne in za a yi shi yadda ya kamata kuma jarrabawar ƙarshe ce ke yanke hukunci, ba kamar faundeshin da ake tara wani kaso na maki a hankali ba. IJMB da JUPEB kuwa don shiga 200L a gida aka yi su, kada wani ya ce muku tikitin Ingila ne sai kun ga jami'ar ta rubuta da kanta.

Maganar canjin kuɗi ba abin wasa ba ce, wanda ya tura yaro a 2022 yana sayen fam ƙasa da naira 600 a farashin gwamnati ta Form A, bayan an saki naira a Yunin 2023 kafin shekara ta zagayo fam ya haura 2,000. A 2024 kowa ya ji labarin ɗaliban Najeriya a jami'ar Teesside da suka kasa cika kuɗin makaranta har maganar bizarsu ta taso. To wanda zai iya biyan shekara uku da kyar, kada ya zaɓi IYO don kawai ita ce aljihunsa zai ɗauka alhali yaron bai shirya ba, domin in ya faɗi aka ce ya maimaita an koma shekara huɗun, ga karayar zuciya a kai. Gara faundeshin a gida sannan ukun a can. Tallafin karatu kuma kada a dogara da shi, na PTDF, asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur, na karatun waje digiri na biyu da na uku ya fi shafa, abin da kwalejojin nan ke kira sikolashif galibi ragin fam dubu biyu ko uku ne daga kuɗin shekarar farko.

A farkon 2024 jaridar Sunday Times ta yi bincike tana zargin cewa ana shigar da 'yan waje ta waɗannan hanyoyin da makin da bai kai na 'yan ƙasa ba, hayaniya ta tashi har aka sa hukumar QAA mai duba ingancin karatu ta bincika. Abin da wannan ke nuna mana mu iyaye shi ne shiga gadar yana da sauƙi, kuma sauƙin shigar ba shaida ba ce cewa yaro ya shirya. Kowane kwas yana da makin tsallakawa, na injiniya a jami'o'i masu ƙarfi yakan yi sama kuma sukan ware lissafi su ce sai an ci kaza a shi kaɗai, ban da na Turanci. A nemi wannan a rubuce. A tambaya cikin waɗanda suka fara bara a ɓangaren injiniya nawa ne suka shiga ainihin jami'ar da suka zo dominta, ba "sun samu gurbi a wata jami'a" ba, don in yaro bai kai makin ba sukan tura shi wata abokiyar hulɗarsu da ba ita kuka yi niyya ba kuma a lissafinsu ya tsallake. A tambaya sau nawa ake bari a sake zama jarrabawa, da kuma ko ana mayar da kuɗin ajiya in an hana biza.

Sannan digirin da gadar ke kaiwa gare shi a duba ko yana da amincewar ƙungiyoyin injiniyoyi a ƙarƙashin Engineering Council, IMechE ga makanikal, IET ga lantarki, IChemE ga sinadarai, ICE da abokanta ga sibil. Mai son zama CEng wata rana, wato injiniya mai cikakkiyar rajistar ƙwarewa a Birtaniya, MEng ce hanya mafi miƙewa, shekara guda a kan BEng, wato 5 ta faundeshin 4 ta IYO, kuma wasu kwasa-kwasan MEng suna buƙatar takardar izini ta ATAS kafin biza. In gida zai dawo akwai tantance shaida a ma'aikatar ilimi ta tarayya kafin NYSC, sannan rajistar COREN. Izinin zama aiki bayan kammalawa da aka fara a 2021 shekara 2 ne, an sanar za a mayar da shi wata 18 daga Janairun 2027, don haka duk wanda zai fara yanzu da sabon zai gama, ko ta wace hanya ya bi.

Saura zangon Janairu. Tunda sakamakon WAEC sai Agusta, ga IELTS ga kwana 28 na banki ga gwajin asibiti, kama zangon Satumba yakan zama gudun ceton rai, shi ya sa da yawa ke faɗawa na Janairu. Shi kuma ana matse karatun ne a gama wajen Agusta don a shiga jami'a a Satumba, hutu kaɗan ne, kuma in an faɗi wani darasi lokacin sake zama ƙanƙani ne ko babu. Ga faundeshin ana iya jurewa. IYO ta Janairu ga yaron da bai taɓa zama a ajin jami'a ba, ya sauka cikin tsakiyar sanyi, ya haɗiye aji ɗaya na injiniya cikin wata bakwai zuwa takwas sannan bayan 'yan makonni ya faɗa aji biyu, ni dai ba zan sa hannu a wannan takardar ba ko ɗan waye.